Guntun da Baba Ya Ƙi Sakawa

Mildura, farkon Afrilu

Gwaggo Tapaita,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maƙwabta da matan ƙungiyarku ta saƙar tabarma. Yaya gwiwar? Yaya kunnen? Na san za ki ce kunnenki ƙalau yake, mu ne ba mu iya magana a waya ba, shi ya sa na haƙura na ɗauki biro kamar yadda kike so. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa. Maigidana Kelepi yana kan hanya kamar kullum, babbar motarsa ta fi ni sanin fuskarsa. Ni kuma inabi ya ƙare, lemo ya kusa shigowa, rumfar da muke zuba su a kwali ba ta san hutu ba.

Yayanki, Baba, yana samun sauƙi. Ƙafar dama har yanzu jan ta yake yi, maganar ma ba ta dawo ba sai kalma ɗaya-ɗaya, amma hannun hagu ya karɓi aikin da na dama ya ajiye tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Yana cin abinci, yana wanka da kansa, kuma har yanzu ya iya harara.

A cikin kwalin da matar fasto za ta kawo miki akwai maganin shafawa, da gwangwanayen nama, da wata kwamfutar hannu. Ita ce dalilin wasiƙar nan. Don Allah kada ki ba yaran maƙwabta, kada kuma ki tura ta ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki ki manta da ita.

Akwai wasa a ciki, sunansa Bakin Ruwa. Hoto ne ake yanka shi gunduwa-gunduwa, kamar faranti ya faɗi ya tarwatse, sai mutum ya yi ta jan guntayen da yatsa har ya mayar da kowanne gurbinsa. Likitar motsa jiki da ke zuwa duba Baba, wata baturiya mai suna Bronwyn, ita ta fara ba shi kashi na ɗaya na wasan saboda yatsunsa. Da farko ture shi ya yi, wai shi ba yaro ba ne. Bayan mako guda sai da na riƙa ƙwacewa kafin ya ci abinci. Ya gama hotunan ciki kaf, ya sake su daga farko, har na fara tausayinsa.

To yanzu na biyu ya fito, kuma ni dai a ganina ya fi na ɗaya nesa ba kusa ba. Ba agogo, ba maki, ba mai cewa kin faɗi. Sai ƙarar ruwa a hankali, da wani ɗan sautin ƙas mai daɗi in guntu ya shiga wurinsa. Babban abin da suka ƙara shi ne mutum biyu za su iya haɗa hoto guda ko da teku na tsakaninsu. Ba a ganin fuska, ba a jin murya, sai ɗan hoton hannu yana yawo a kan allon. Na karanta abin da masu wasan ke rubutawa a intanet. Yawancinsu yabo ne, wata ma ta ce shi ya raba ta da maganin barci, amma da yawa suna ƙorafin me ya sa ba a sa wurin hira ba. Ni ma na ɗan ji haushin hakan, sai na tuna da kunnenki na ce ba mu yi asarar komai ba.

Na haɗa taki da tamu ta nan gida. In kin ga hannu yana motsi, ni ce. Tun rasuwar Mama ba ni da wata babbar mace da zan zauna kusa da ita in yi wani abu, ko da shiru ne. Ki gwada saboda ni.

'Yarki,
Fololina

*

Lotofoa, Ha'apai, watan Mayu

Fololina 'yata,

Na gode wa Allah da jin lafiyarku. Ni ma ina nan da sauƙi. Gwiwa tana yin abin da ta ga dama, kunne kuwa ba ruwanki da shi. An yi ruwa sosai, gwaza ta yi kyau, kifi ne dai ya yi wuya saboda iska. Ki gaida Kelepi in motarsa ta ba ki aronsa. Ki gaida babanki da kyau, ki ce ina sa shi a addu'a safe da yamma.

Kwalinki ya iso. Naman an cinye, maganin yana aiki, allon kuma ya hana ni barcin rana, kuma ke zan kama da laifi.

Tunda ra'ayina kike so, ga shi. Na ɗayan ban san shi ba, ba zan yi masa ƙarya ba, amma wanda ya yi na biyun nan yana da tarbiyya. Ba ya gaggauta tsohuwa. In na ajiye na je na juya rogo a wuta, na dawo, yana nan yadda na bar shi, bai yi fushi ba. Ranar da na gama hoton farko, tsuntsayen ciki suka tashi, ruwan ya fara motsi, saura kaɗan in jefar da abin. Ba ki gaya mini hoton yana farfaɗowa ba, ja'ira. Abin da ban so ba shi ne juya guntu da yatsa biyu, da kuma yawan sararin sama. Wane ne ya ce musu tsohuwa tana bambance shuɗi da shuɗi? Tekunsu ma na ƙasar sanyi ne, launin toka, ba wanda zai so ya shiga.

Na kai shi wurin saƙa. Pasimata, ƙawata mai bakin nan, ta duba ta taɓe baki, ta ce aikin banza ne tunda in an gama ba a samun ko tabarmar shimfiɗa. Na ce mata shi ya sa nake son sa. Duk tabarmar da na saƙa a rayuwata wani ya zo ya naɗe ta ya tafi da ita biki ko jana'iza. Wannan ne aiki na farko da ba wanda zai zo ya roƙa. Yanzu ita ce ke leƙo ta kafaɗata tana nuna mini inda zan sa.

Sai maganarki. Yaushe kike aikin lemon nan? Kullum in na gama abincin rana na buɗe, hannunki na nan, kuma na san a wurinku hantsi ne lokacin. In an kore ki daga aiki, ki gaya mini gaskiya. Sannan wasanki yana da ban mamaki. Nakan tarar kin gama gefe-gefen, kin ware guntayen kala-kala kin tura su ɓangarena a jere, kamar mai shanya kaya. Wannan na gode, ya hutar da idona. Amma da hannuna ya matso kusa, sai naki ya gudu can ƙuryar nesa ya lafe. Cizo nake yi? In kuma saura guntu ɗaya, sai ki ajiye shi a bakin ramin ki tsaya. Jiya na ƙi sakawa da gangan don in ga iyakarki, har shayina ya huce ba ki motsa ba. Ban sani ba ko tsorona kike ji ko lalaci ne.

Abu ɗaya na yaba. Ban taɓa buɗewa ran Lahadi ba, kuma ran Litinin nakan tarar ba a taɓa komai ba. Ashe Ostiraliya ba ta cinye ki duka ba.

Gwaggonki,
Tapaita

*

Mildura, ƙarshen Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta lafa. Mu lafiya, sai dai sanyin bana ba na wasa ba ne, da safe ciyawa fari fat. Kelepi ya zo ya kwana biyu ya koma. Ki gaida Gwaggo Pasimata, ki ce ta sayi nata.

Na karanta wasiƙarki a wurin aiki na yi dariya har mata suka taru a kaina. Ba a kore ni ba, Gwaggo. Kunya ma nake ji, domin tun da lemo ya shigo ban buɗe wasan nan ba ko sau ɗaya, in na dawo ko takalmi da ƙyar nake cirewa. Hannun da kike gani na Baba ne! Allon yana wuni a gida tare da shi. Ranar da na haɗa, na nuna masa na ce wancan hannun na Gwaggo Tapaita ne daga Lotofoa. Ya dube ni ya dubi allon, na ɗauka ma bai gane ba. Ashe duk makonnin nan ke da yayanki kuke haɗa hoto, ba wanda ya sani.

Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin abin da kika lissafa shi ne abin da ke hana ni sukuni. Bronwyn da hantsi take zuwa, ta zauna ta kalle shi yana yi sau da yawa. Ta ce a na ɗaya hannunsa kai tsaye yake zuwa, ya ɗauka ya saka, ya gama hoto ya buɗe wani. Yanzu yana cikin aiki sai ya janye can gefe ya yi tsit kamar wanda ya manta me yake yi. Yana tara guntaye bai saka ba. Guntun ƙarshe, wanda ko yaron goye zai gane, sai ya ajiye shi kusa da ramin ya zuba masa ido. Ta buɗe masa wani hoton na shi kaɗai, ya rufe ya koma wancan. Ta tambaye shi dalili, ya kau da kai.

Akwai wanda ya fi wannan. Wata rana na dawo ɗaukar abin da na manta, na tarar da shi a tsakar ɗaki yana fama da tabarmar ƙugunsa, ta'ovala ɗin da yake ɗaurawa in za shi coci. Hannu ɗaya da haƙori yake jan igiyar, gumi na zuba. Ranar Talata ce fa. Na ce Baba yau ba Lahadi ba ce, ba inda za mu. Ya harare ni ya ci gaba. Maƙwabciyarmu ta ce kullum ta taga tana ganinsa da ita. Gabana ya faɗi, domin haka kakan Kelepi ya fara, yana shirin coci kowace safiya.

Bronwyn mutuniyar kirki ce, ba ta ɓoye mini ba. Ta ce wani lokaci bayan irin wannan ciwo ƙwaƙwalwa takan fara ja da baya a hankali. A ƙarshen Yuni za ta zo da wasu likitoci biyu su gwada shi. In suka ga haka ne, ba za su yarda ya ci gaba da wuni shi kaɗai ba, kuma maganar gidan kula da tsofaffi za ta taso. Gwaggo, ta yaya zan shiga coci a ce na kai ubana gidan tsofaffi? Ta yaya zan dube ki? In kuma na bar aiki, ban san yadda gidan zai tsaya ba. Tsoro nake ji, ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Ki ci gaba da zuwa don Allah. Duk da haka, lokacin nan ne kawai nake jin an ce fuskarsa tana sakewa.

'Yarki,
Fololina

*

Mildura, tsakiyar Yuni

Gwaggo Tapaita,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Ni da Kelepi lafiyarmu ƙalau. Baba ne ba zan ce haka ba.

Na san wasiƙata ta iso ki, domin wanda na ba ya ce hannu da hannu ya miƙa miki. Tun ranar hannunki bai sake bayyana ba. Na kira wayar matar fasto, na kira ta kantin bakin hanya, ba wadda ke shiga.

Da na gaya wa Kelepi a waya, sai ya ce, "Fololina, kin san abin da kika yi kuwa? Kin zaunar da mace da ɗan'uwanta namiji a tabarma ɗaya suna wasa. Kuma kika rubuta mata kina dariya." Na san wa da ƙanwa ba sa zama ɗaki ɗaya a wurinmu, ba sa raha, ba sa cin abinci tare. Na tuna zuwanmu gida ina ƙarama, ke da mu muna kwana a cikin gida, Baba yana can bukkar baya. Amma ina 'yar shekara biyar aka kawo ni ƙasar nan, Baba ba shi da 'yar'uwa a nan da zan ga yadda ake yi. Ban taɓa kawowa a raina cewa allo ma tabarma ba ne. Ki yafe mini. Ba da gangan na yi ba, kuma shi ba shi da laifi.

Amma zan faɗi abin da ke raina ko da za ki ƙara fushi. In horo ne, ni ya kamata ya sama, ba shi ba. Hoton da kuka fara, na jirgin kamun kifi da fitila a bakinsa, ya ƙarasa shi shi kaɗai, saura guntu ɗaya, fitilar kanta. Ya ajiye ta a bakin ramin. Kullum sai ya ɗaura tabarmarsa, ya zauna, ya buɗe, ya yi ta kallo har batirin ya mutu. Na dafa masa lu, naman nan da ake naɗewa a ganyen gwaza, da madarar kwakwa yadda yake so, ya ɗan taɓa ya ture. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Ran Asabar na gaji na miƙa yatsa zan saka guntun in huta, ya kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

Bronwyn ta ga wannan duka ta rubuta. Ranar gwajin tana matsowa. A da ina yabon wasan nan a gaban kowa, yanzu in na ji ƙarar ruwan nan daga ɗakinsa sai in ji kamar in fasa allon. Masu ƙorafin rashin wurin hira sun yi gaskiya. Da akwai, da na rubuta miki kalma ɗaya kin gani.

In ba za ki dawo ba, ki rubuto ki ce ba za ki dawo ba, in san abin da zan gaya masa.

'Yarki mai neman afuwa,
Fololina

*

Lotofoa, Ha'apai, watan Yuni

Fololina,

Ina lafiya, ban mutu ba, ban kuma yi fushin da kike zato ba. Wannan takarda matar fasto za ta ɗauki hotonta ta turo miki ta waya, domin ba ta da lokacin jiran jirgi. Kin ga abin da kika sa ni yi da tsufana.

Gaskiya ne, ranar da na karanta cewa hannun na babanki ne, na rufe allon na tura shi daidai inda kika ce kada in tura shi. Kunya ta kama ni kamar an buɗe mini ƙofar wanka. Na tuna yadda na riƙa bin hannun nan ƙurya-ƙurya ina tsokana, na tuna shayin da na bari ya huce. Na yi kwanaki ban gaya wa kowa ba. Ranar da na yanke shawara na ciro shi, sai aka ce wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta sake tsinkewa, duk tsibirin ba sabis. Sai jiya ya dawo, wasiƙarki ta ƙarshe kuma ta zo a jirgin shekaranjiya. Rabin shirun nawa ne, rabi na teku.

Yanzu ki buɗe kunnenki, ke mai kunne. Ƙwaƙwalwar babanki Sunia ba abin da ya same ta. Taki ce da ta baturiyarki ke buƙatar a yi musu bayani.

Muna yara, ni da shi kullum muna kan tabarma ɗaya muna wasan jefa ƙwallayen itace. Wata rana, ban fi shekara goma ba, mahaifiyarmu ta zo ta kama hannunsa ta ɗaga shi, ta nuna masa bukkar samari. Ba faɗa, ba bayani. Daga ranar bai sake zama inda nake zaune ba. Shi ne babba, amma ni ce mace, don haka ni ce sama da shi, haka Allah ya tsara mana. In ya haƙo doya, ta farko kuma mafi girma tawa ce. Zai zo bakin ƙofata ya yi gyaran murya, ya ajiye kwandon, ya koma can gindin mangwaro ya tsaya har in fito in ɗauka. In ya kamo kifi, haka. Bai taɓa zuwa ƙofata babu tabarma a ƙugunsa ba, ko daga gona yake sai ya biya gida ya ɗaura. Har ya bar ƙasar nan bai fasa ba.

To me kika gani a allon da ya bambanta da wannan? Ya ware guntaye ya ajiye a ƙofata. Ya koma gindin mangwaro. Mafi daɗin abin, wanda ke sa hoto ya farfaɗo, ya bar wa mai shi. Kika ce yana shirin coci ran Talata. Ba coci za shi ba, 'yar nan, wurina zai zo. Mutumin da ya tuna wannan duka da hannu ɗaya da haƙori, shi za a ce ya manta? Ni ma da na yi shekara da shekaru ina ɗaukar kwandon nan ban gane shi ba, sai na kira shi lalaci. Da na gane na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Na yi tunani a kan ko tabarma ɗaya ce. Ba ya ganin fuskata, ba na jin muryarsa, ba wanda zai yi wata magana da ba ta dace ba, teku kuma yana nan inda yake. Ni ce ke da ikon yanke wannan, kuma na yanke, ba laifi. Masu kukan a sa wurin hira, ki rubuta musu a intanet ɗinku cewa wata tsohuwa a Ha'apai ta ce kada a kuskura. Da akwai shi, da ban sake buɗewa ba har abada. Shirun nan ne ya ba ni abin da ban samu ba tun ina yarinya, in ga hannun ɗan'uwana yana aiki kusa da nawa.

Jiya na buɗe na ga fitilar a bakin ramin. Yatsana ya yi ƙaiƙayi, amma na bar ta, domin ita ce shaidarsa. Zan riƙa zuwa kullum bayan abincin rana ya ga hannuna. Ki karanta masa wannan da ƙarfi, kada ki sassauta: Sunia, ni Tapaita na ce ka ci abinci. Na kuma ce ranar da likitoci za su zo, ka saka fitilar nan da hannunka a gabansu. Bai taɓa tsallake maganata ba.

Gwaggonki,
Tapaita

*

Mildura, farkon Yuli

Gwaggo,

Gaisuwa da godiya wadda biro ba zai iya ɗauka ba. Muna lafiya. Kelepi ya ɗauki hutu ya zo, ya ce in gaishe ki, kuma in faɗa miki shi ma bai hango abin da kika hango ba. Baba yana cin abinci har yana neman ƙari. Zan fara da abin da kike jira: yana nan gida, ba inda za a kai shi.

Na karanta masa wasiƙarki tun daga farko. Da na zo wurin gindin mangwaro, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya rufe fuska. Da na zo wurin umarninki, ya sauke hannun ya yi ta kallon bango. A daren ya cinye kwanonsa tas.

Ranar gwajin ya ɗaura tabarmarsa, wannan karon ni na riƙe masa igiyar. Kafin a fara na roƙi su ba ni minti kaɗan, na yi musu bayanin doya da kwando da gindin mangwaro, turancina yana ta harɗewa. Bronwyn ta saurara har ƙarshe. Ta ce abin da ta rubuta ta gan shi da idonta, amma ashe rabin ɗakin kawai take gani. Suka yi masa gwaje-gwajensu na katuna da zane, ya yi wasu da kyau, wasu da ƙyar. Sannan babban likitan ya ce yana so ya ga wasan.

Baba ya jawo allon. Hannunki yana nan yana jira, na gan shi. Amma bai taɓa jirgin ba. Da kansa ya fita ya buɗe wani hoto na mutum ɗaya, wanda ya yi wata biyu yana ƙin buɗewa, ya fara ɗauka yana sakawa, ƙas, ƙas, ba tsayawa. Da ya zo guntun ƙarshe ya danna shi ba ko waiwaye, kifayen ciki suka fara iyo, ya ɗago ya bi likitocin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kin san kallon.

Sai ya koma kan jirgin. Ya ɗauki fitilar ya kai ta saman ramin ya riƙe. Na ce a raina to ga shi nan. Sai ya ja ta ya wuce ramin, ya kai ta daidai gaban hannunki ya ajiye, ya janye can ƙuryarsa. Na sunkuya na ce Baba, Gwaggo fa ta ce kai za ka saka. Ya girgiza kai, ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Nata ne."

Ki yi haƙuri, Gwaggo, ya tsallake maganarki, kuma a gaban baƙi. Ban san me kika yi tunani a can ba da hannunki ya daɗe bai motsa ba. Da kika ɗauka kika saka, fitilar ta kama, jirgin ya fara lilo a kan ruwa, sai na ga Bronwyn tana neman abu a jakarta wanda na san ba ya ciki, don dai kada mu ga hawayenta.

Sun ce wata ma'aikaciya za ta riƙa leƙo shi da rana, za su sake dubawa nan gaba, amma ba maganar ɗauke shi. Na rubuta saƙonki a wurin da masu wasan ke faɗin ra'ayi, kamar yadda kika ce. Mutane da yawa sun amsa, wani ya ce ya janye ƙorafinsa, wani kuma ya ce tsohuwar ta yi ta kanta, shi dai hira yake so. Juyin guntu da yatsa biyu ana iya kashe shi, zan zana wa matar fasto yadda ake yi.

Sabon hoton da kuka buɗe rabinsa sararin sama ne, na tausaya wa idonki. Yau Asabar ina gida, na zauna a bayansa ina kallo. Ya yi abin da ya saba, ya ware komai ya kai ƙofarki ya koma ƙurya. Sai na ga hannunki ya tattaro shuɗayen nan duka, ya turo su a hankali har gabansa, kuma bai koma ba, ya tsaya nan kusa. Na ɗauka Baba zai gudu. Ya daɗe yana kallon tarin. Sannan ya gyara zaman tabarmar ƙugunsa, ya ɗauki guntu ɗaya ya fara saka miki sama, hannunki yana gefensa.

'Yarki,
Fololina